Zarton da Na Sayar wa Mutumin Tsafe

Na manta abubuwa da yawa a shekarun da na yi a kasuwa, har da fuskokin mutanen da muka yi rigima da su kamar za mu cinye juna ɗanye. Amma ranar da na sayar wa wani mutumin Tsafe zarton inji, wannan kam ko na tsufa na rikice har ina kiran jikokina da sunan juna, ba na jin za ta fita daga kaina.

Shagona yana cikin kasuwa a Gusau, layin masu kayan gini. Ƙusa, kwaɗo, fenti, sandar walda, faifan giranda, irin waɗannan tarkacen nake sayarwa. A hannun mahaifina na gaji shagon, kuma tare da shi na gaji wata ɗabi'a ta layinmu, mu ba ma cewa babu. In mutum ya zo neman abin da ba ka da shi, sai ka ce akwai, ka ba shi benci, ka ce bari ka ɗauko a sito. Siton nan kuwa shagon maƙwabcinka ne. Ka zagaya ta baya ka karɓo, ka ɗora ɗan abin da za ka ɗora, kowa ya samu. Wannan ba laifi ba ne, kowa ya san ana yi. Laifin nawa ne da na cika wa abin gishiri. Ni ban tsaya ga ƙin cewa babu ba, har "ban sani ba" na daina faɗa. A lokacin ko maganin ciwon raƙumi ka tambaye ni sai na ba ka amsa, kuma da ƙarfin murya. Matata takan ce bakina yana riga ni tashi daga barci.

Da bazara ne, wata safiya da rana ta fara duka tun kafin ƙarfe tara. Ina cikin jera gwangwanayen fenti sai ga wani dogon mutum mai sanyin magana, zai yi shekara arba'in, hannun rigarsa duk ƙananan hudoji na tartsatsin wuta. Ko bai faɗa ba ka san mai walda ne. Muka gaisa, ya ce daga Tsafe yake. Ya ce shi da yayansa sun sayi wani tsohon inji na hannu, irin mai zarto dogo siriri wanda aka haɗe bakinsa biyu ya zama kamar bel, yana zagayawa a kan tayoyi biyu, kai kuma kana tura abin da za ka yanka da hannu. Injin ya zo ba zarto. Sun samu aikin gadajen ƙarfe masu yawa, yankan giranda ya ishe su, ga cin faifai ga ɓata lokaci. Ya zaro wata igiya daga aljihu, ya ce tsawon zarton ke nan. Sannan ya ajiye mini guntun bututun ƙarfe a kan tebur, irin siririn nan mai fatar da ba ta fi kaurin kwali ba, ya ce wannan zai riƙa yankawa.

Ni kuwa tun da uwata ta haife ni ban taɓa riƙe irin wannan zarto ba. Amma me kuke tsammani na ce? Akwai. Na ba shi benci, na zagaya shagon maƙwabcina mai kayan injinan kafintoci. Ya auna igiyar, ya ce yana da iri biyu a wannan tsawon, ya tambaye ni na wane aiki ake so. Allah ya kawo mini mafita har bakin ƙofa, amma na kauce. Gani nake in na ce ban sani ba ya raina ni, in kuma na kawo masa mutumin ya ƙwace mini ciniki. Na ce ya dai ba ni duka biyun in gani.

Na dawo na shimfiɗa su a tebur. Ɗaya haƙoransa manya ne wara-wara, ɗayan kuma ƙanana ne a cushe, sai ka matso da ido kake rarrabe su. Mutumin ya duba wannan, ya duba wancan, ya ɗago kai ya dube ni.

"Alhaji, ni ban taɓa aiki da irinai ba. Wanne ne na ƙarfe?"

Har yau ina jin muryata a kunnena. Ban ko yi jim ba, na ɗaga mai manyan haƙoran na kaɗa shi. Na ce ai ƙarfe sai manyan haƙora, ya taɓa ganin kura da haƙoran ɓera? Wannan ƙaramin na masu yankan roba ne. Ya yi dariya, ya ce lallai gaskiyata ce. Ya biya, na naɗe masa a takarda, ya yi mini addu'ar kasuwa ya tafi. Har guntun bututunsa ya manta a kan tebur. Ni kuma na zauna ina jin daɗin kaina, wai na iya magana.

Akwai wani dattijo da ke zuwa ya zauna a bencina kusan kullum da hantsi, ya sha inuwa ya saurari rediyonsa. Ya yi shekaru yana gyaran injina a wata masaƙa kafin ta rufe, shi ya sa duk layin Baba Injiniya muke ce masa. Ran nan da ya zo ya tarar da zarton da ya rage a tebur, ban mayar ba tukuna. Ya ɗauka ya murza haƙoran da babban yatsa, ya ce wannan mai kyau ne, wa ke neman na yankan bututu? Ni kuma sarkin iyayi na kwashe labari na ba shi, har da zancen kura, ina jiran ya yi dariya.

Bai yi dariya ba. Ya kashe rediyon, abin da ban taɓa ganin ya yi ba in ba kiran salla aka yi ba.

"Mi ka ce ka ba shi?"

Na maimaita, amma murya ta fara raguwa. Ya tambaye ni haƙora nawa ne a inci ɗaya na wanda na sayar. Na ce ban ƙirga ba, ban ma san ana ƙirgawa ba, amma ba za su wuce huɗu ba. Ya ce to na katako na ba shi. Ya yi mini bayani a tsanake. Ya ce ba ƙarfin abu ake dubawa kawai ba, kaurinsa ake dubawa. Dole a kowane lokaci a samu aƙalla haƙora uku suna kan ƙarfen da ake yankawa. Ƙarfe mai kauri cur yana ɗaukar haƙora masu ɗan girma, amma bututu mai siririyar fata sai ƙanana cushe, sha takwas ko fiye a inci. Sai ya ware yatsunsa, ya ɗauki guntun bututun nan ya cusa bakinsa tsakanin yatsu biyu. Ya ce haka fatar bututun za ta faɗa tsakanin haƙori da haƙori. Inji kuwa ba ya tsayawa ya yi shawara, fizga zai yi. In Allah ya taƙaita, haƙoran su zube ko zarton ya tsinke. In bai taƙaita ba, bututun ya murɗe ya ja hannun da ke riƙe da shi.

Amma ko a nan sai da na yi gardama. Na ce ai mutumin mai walda ne, da ya ɗaura zai gane. Baba ya ce da ya sani da bai tambaye ni ba. Na ce wataƙila ba yau zai ɗaura ba. Ya ce wataƙila. Wannan wataƙila tasa ta fi mari zafi. Na tashi, na zauna, na sake tashi. Wani ya zo sayen ƙusa inci uku na auna masa inci biyu. Ban san sunan mutumin ba, ban karɓi lambarsa ba, abin da na sani kawai Tsafe da walda.

Baba ya ba ni shawara in bi layi ina tambaya, ko wani ya san shi, ko an ga inda ya nufa. Na ce to, amma a raina na ce Allah ya kiyaye. In bi shago-shago ina shelar cewa na sayar da abin da ban sani ba? Gobe da wane ido zan dubi mutane? Sai na zaɓi abin da ya fi wuya don dai kada a ji. Na naɗe zarton mai ƙananan haƙora, na ja ƙofar shago, na ce wa maƙwabta an kira ni gida. Na bi ta bayan kasuwa na nufi tasha.

Motar Tsafe saura mutum uku ta cika. Wanda bai taɓa zama a motar da ke jiran fasinja alhali ransa na wani wuri ba, bai san tsawon minti ɗaya ba. Na shiga na fito ya fi sau biyar, har ɗan kamasho ya ce Alhaji in fitsari ne ga bayan tasha can. Da muka tashi kuma direban ya zama irin masu tsayawa gaida kowa. A Kwatarkwashi ya tsaya sauke wata mata da buhunanta, aka kwance igiyar but ɗin motar gaba ɗaya, aka sauke na wasu don a kai ga nata, aka sake lodi. Ni ina kallon duwatsun nan, ji nake kamar in fita in ruga da ƙafa. Wani Bafulatani da ke gefena da ƙunshin kanwar shanu a cinya ya lura ƙafata ba ta daina rawa ba, ya tambaye ni ko mara lafiya gare ni. Na ce eh. Ban san ko ƙarya na yi masa ko gaskiya ba.

Na isa Tsafe ana sallar azahar. Na yi tawa a gurguje, Allah dai ya karɓa, don ban san abin da na karanta ba. Na shiga bin masu walda ɗaya bayan ɗaya ina kwatance, dogo, mai sanyin magana, sun sayi injin zarto shi da yayansa. Na farko bai gane ba. Na biyu ya tura ni wurin wani gajere mai faɗa. Sai a na huɗu aka ce an san shi, aka nuna mini rumfarsa. Na tarar da ita a rufe da kwaɗo, irin wanda nake sayarwa ma.

Wani tela da ke jikin rumfar ya ɗago daga kekensa ya ce ai kwanansa shida ba ya nan. Injin ba a Tsafe yake ba, yana Bunguɗu wurin yayansa, can suke aikin gadajen. Na ce Bunguɗu? Ya ce Bunguɗu. Na dafe kai. Wato na baro mutum a yamma na taho gabas, kuma sai na koma ta Gusau ɗin da na baro kafin in kai gare shi. Telan ya ba ni lambarsa. Na kira, tana shiga, ba a ɗauka. Na sake kira. Na tura saƙo na ce kada ya ɗaura zarton nan, in ji mai shagon Gusau. Telan ya ce in suna aiki wayar tana cikin riga a rataye, ga ƙarar janareta, ko aradu aka yi ba za su ji ba.

A dawowa ban jira mota ta cika ba, na biya kujerun da suka rage na ce direba mu tafi. Duk hanya waya tana kunnena. Wani wuri ta yi ƙara har ta katse, wani wuri sabis ya ɗauke gaba ɗaya. Ina ta yi wa Allah alkawura, irin waɗanda mutum ke yi in ruwa ya kai masa wuya. Ina cewa Allah ka sa mai ya ƙare musu, Allah ka sa igiyar nan ba a auna ta daidai ba zarton ya ƙi shiga. Ban taɓa roƙon kayana su zama marasa amfani ba sai ran nan.

Muna shiga Gusau ana kiran la'asar. Ban bi ta tasha ba, na tare ɗan kabu-kabu na ce Bunguɗu kai tsaye. Ya dube ni da babbar riga da ƙunshi a hammata, ya ce Alhaji lafiya? Na ce ya ja kawai. Hulata ta tashi a hanya, ya rage gudu zai tsaya, na ce ya bar ta.

Wurin bai yi wuyar samu ba, don ga ƙafafun gadaje nan jingine a bakin titi. Abin da na fara lura da shi shiru ne. Janareta a kashe, ba kowa a rumfar. Injin yana tsaye, zarton da na sayar yana jikinsa, wani bututu a lanƙwashe a ƙasa. A gindin injin an zuba ƙasa sabuwa, an baza ta da ƙafa. Na san abin da ake rufewa da ƙasa haka. Wani mai facin taya da ke kusa ya taso ya ce in masu gadaje nake nema, yanzun nan aka tafi da ƙanen asibiti, bai fi rabin awa ba. Ya ce yankan farko ne ma.

Ban san yadda na kai asibitin ba. Na same shi zaune a benci a baranda, an naɗe hannunsa na dama da bandeji har wuyan hannu, fuskarsa ta yi fari-fari. Yayansa yana tsaye a kansa. Yatsu biyu suka tafi, manuni da na tsakiya. Da ya gan ni sai ya yi ƙoƙarin gyara zama, wai don ya girmama ni.

"Alhaji, kai ne? Wa ya gaya maka har ka taso?"

Ya ɗauka jaje na zo. Ya juya yana gaya wa yayansa cewa wannan ne mai shagon da ya taimake shi da safe, mutumin kirki. Ya ce mini kada in damu, zartona ba shi da laifi, sabo ne fil, shi ne dai bai iya tura bututun ba. Cikin ba ni labari ya ce ai bai ma bar Gusau da wuri ba, yana layin masu ƙarfe ana ɗaure masa bututu har aka kira azahar. Layin masu ƙarfe! Daga shagona in ka ɗaga murya ana ji a can. Lokacin da nake saɗaɗawa ta bayan kasuwa don kada a gan ni, yana nan zaune a kan bututunsa da zarton a gefe. Da na bi shawarar Baba na tambayi mutum biyu kawai, da an nuna mini shi.

Ba zan ɓoye muku ba, Shaiɗan ya zo mini a wurin nan. Ya ce ga shi mutum ya ɗauki laifi ya ɗora wa kansa, ka yi masa sannu, ka ajiye ɗan abin da za ka ajiye, ka koma gida da mutuncinka. Saƙon da na tura ma sai in ce daga baya na ji labari. Amma sai na tsuguna a gaban mutumin, na kwance takardar na nuna masa ɗaya zarton. Na ce wannan ne na aikinsa. Wanda na ba shi na katako ne. Na ce ban san komai a kan zarton inji ba, ban taɓa sani ba, kunyar in ce ban sani ba ce ta sa na zaɓa masa da ka.

Yayan ya yo kaina. Ya faɗi maganganu, kuma babu wadda ban cancanta ba, har wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce a rage murya. Shi kuwa mai hannun ya daɗe yana kallon zarton da ke hannuna, sannan ya kalli bandejinsa. Da ya buɗe baki, muryarsa ba ta canza ba, da sanyinta kamar da safe.

"Alhaji, ni don ban sani ba na tambaye ka. Da ka ce kai ma ba ka sani ba, da mun zama mu biyu, mu tafi mu tambayi na uku."

Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Na yi kuka a barandar nan, ni da gemuna, kai ba hula, mutane suna wucewa suna kallo. Ya ce ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa. Na san haka ne, na yi imani da shi. Amma na kuma san ta bakin wa ƙaddarar ta biyo.

Ya yi wata huɗu bai riƙe abin walda ba. Daga baya ya koya wa sauran yatsun, aikinsa ya dawo, ko da yake ba da saurin da ba. Na yi abin da zan iya a lokacin jinyar, amma ba abin da zan kawo a nan ba ne, don babu abin da ke mayar da yatsa. Yayansa har yau in mun haɗu gaisuwar baki kawai muke yi, kuma ban ga laifinsa ba. Shi kuwa bai daina zuwa shagona ba. Na so a ce ya daina. Duk zuwan da zai yi Gusau sai ya biyo ya sayi sandar walda, kuma sai ya miƙo mini hannun nan mun gaisa. Duk ranar da tafina ya shiga nasa na ji gurbin yatsu biyun nan, abincin ranar ba ya yi mini daɗi.

Abin da na koya ba wani mai zurfi ba ne, yaro ma ya san shi, ni ne dai sai da wani ya biya mini kuɗin makarantar da jikinsa. Wanda ya tambaye ka ya ba ka amanar kansa ne, ba dama ya ba ka ta nuna iyawa ba. Yanzu na san ƙirga haƙoran zarto, na san in tambayi mutum me zai yanka, kaurinsa nawa, a wane inji. Amma abin da ya fi wannan, in aka tambaye ni abin da ban sani ba, ina buɗe baki a gaban kowa in ce ban sani ba. Kunyar faɗar haka ba ta kai minti ɗaya take wucewa. Ita kuwa shaidar wadda na guje mata ran nan, wani bawan Allah ne yake yawo da ita a hannunsa na dama har ya koma ga Mahaliccinsa.